Baƙin Dutse na Huɗu

Wannan da zan rubuta yanzu na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin gidanmu na Dosara, na ba ku na aurena da zuwana Mafara, har na akuyar da ta tauna mini zanen lefe na ba ku, duk don in ja lokaci. To littafin ya kusa cika, idona kuma ba ƙaruwa yake yi ba. Magana ce a kan Inna Luba, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, da kuma babanku, Allah ya jiƙan su duka. Shi babanku kun daɗe kuna riƙe da shi a rai kan laifin da ba nasa ba, ina kallo na yi shiru.

Sai na fara da duwatsu, in ba haka ba ba za ku gane ba. Kun tashi kun gan ni da faifai a cinya, ina zura dutse a zare: jigida, abin wuya, abin hannu na jarirai. A wurin Iya muka koya, ni da Luba, ita kuma a wurin tata uwar. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne can bayan wuya, dab da ƙulli, inda gashi ko ɗankwali yake rufewa, muna sa ƙananan baƙaƙen duwatsu. Ba ado ba ne. Kowane ɗaya mutum ne da ya rasu daga ɗakin da aka haife ka. Ba a sa miji, ba a sa ɗa, ba a sa maƙwabci, sai uwa da uba da waɗanda kuka sha nono ɗaya. Wani malami ya taɓa ce wa Iya wannan ba shi da asali. Ta ce ita ma ba ta ce ibada ce ba.

"Zuciya tana mantuwa," in ji ta. "Ku bari hannu shi tuna muku. In kun iso kan baƙi, ku yi ma mai shi addu'a kahin ku ƙulle."

Mu biyar ne a ɗakin: Baba, Iya, yayanmu Sani, ni, da Luba. Muna yara muka fara sa ɗaya, na Baba. Da ruwan dam ya ci Sani suka zama biyu. Da Iya ta tafi suka zama uku. Luba bahaguwa ce, Iya ta yi dukan ta gaji ta bar ta, saboda haka ƙullinta yana kwanciya ne ta gefen da nawa ba ya kwanciya. Ga ta da wata ɗabi'a: ba ta taɓa reza. Da haƙori take yanke zare, kuma ba ta kai shi baki sai ta tabbata ta gama aiki. In ka ji ƙas ɗin nan daga bayan ɗaki, ka san Luba ta ƙare, za ta fito neman tsokana.

An kai ta aure wani ɗan ƙauye bayan Damaga. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya ɗaya, Rabi. Sai shekarar nan ta zo, wadda ba sai na faɗa muku ba, lokacin da mutanen karkara suka daina kwana a gidajensu. Ana tsakiyar damina ta kira ni a wayar wani mai shago. Da hantsi ne, ina tsakar gida ina tankaɗe, babanku yana alwala a bakin rariya.

"Yaya Kulu, wurin ga ya ɓaci," ta ce. "Ki ba mu wuri, ni da Rabi. Ko ɗakin awaki na, mu share."

Ɗaki ɗaya ne a gidan da babu kowa ciki, wanda aka yi wa ɗana Bashir sabon shafe don amaryarsa. Na riga na gaya wa dangin yarinyar, na riga na nuna wa mata. Na dafe bakin wayar da tafin hannu na faɗa wa babanku abin da ake ciki. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Ɗiyar uwarki ta, Kulu. Ki ce su taho gobe. Bashir shi jira."

Na cire hannuna. Ga abin da na ce, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai takardar nan:

"Luba, Malam ya ce a ɗan bari a yi kaka. Ku kwashe gero, biki shi wuce, sai ku taho gaba ɗaya."

Ta ce, "To, Yaya. A gaida Malam." Shi ke nan.

Ku ma abin da na gaya muku ke nan da kuka tambaya, cewa babanku ne ya ce a jira. Yana zaune na faɗa. Ya dube ni sau ɗaya, ya ci gaba da jan carbinsa, kuma har ya koma ga Allah bai ƙaryata ni gaban 'ya'yana ba. Ba a kai ga kaka ba ƙauyen ya watse. Babanku ya bi sawu har Maradun, ya je Bakura, ya je Birnin Tudu inda aka ce wasunsu sun sauka. Wani tsoho ya ce masa ya ga mace da budurwa cikin waɗanda suka shiga gulbi ranar da ya cika, bai ga fitarsu ba. Muka jira wata uku. Aka yi addu'a, aka raba waina. Ranar da na koma kan faifai na zura baƙi na huɗu, na ce Allah ya jiƙan Luba.

Shekara shida ina faɗin haka a kan kowane abin wuya.

A cikin shekarun ne ɗiyata Sadiya ta gama makaranta, ta dube ni wata rana ta ce wai ina zubar da basira a kan matan unguwa. Ta shimfiɗa farin zane a inuwar darbejiya, ta jera kayana, ta yi ta ɗaukar hoto tana hawa kan turmi. Ta buɗe mini shafi a kasuwar nan ta cikin waya. Na yi ta dariya. Ni da ko kasuwar Talata sai in shekara ban taka ba, ga ta nan bayan gida, wai ni ce zan yi ciniki da matan Legas. Sai ga shi kuwa ana saye. Wata ta ce a ƙara tsawo, wata ta ce ruwan goro take so, a naɗe a kai tasha a ba direba. Wata har ta tambaya mene ne baƙaƙen nan na baya, Sadiya ta rubuta mata cewa alamar gidanmu ce.

Abin da ya fi ciniki daɗi a wurina shi ne kallo. In an yi azahar, gida ya yi tsit, sai in karɓi wayar in yi ta turawa da yatsa. Na ga jakunkunan fata, na ga ƙwarya mai zane, na ga zoben azurfa, na ga faifai masu launi irin da ban taɓa gani ba. Ina zaune a kan tabarmata na zaga duniya. Ina kallo ina kushe. Wannan zarenta ya yi sako-sako. Wannan ba ta san ja ba ya zama kusa da ruwan hoda ba. Sadiya takan ce, "Inna, ke dai ba a burge ki."

Ranar da abin ya faru, bazara ce, saura kwana kaɗan azumi. Zafi ya kwantar da komai, ko kaji sun yi lamo a gindin randa. Na turo wani shafi na wata mata a Sakkwato mai tara aikin hannu daga wurin matan da suka yi gudun hijira tana sayar musu. Ta sa ɗan bidiyo. Ba fuska, hannuwa biyu ne kawai a kan faifai, baƙaƙe, sun bushe, suna zura dutse. Na kalla ina shirin kushewa. Sai na ga allurar a hannun hagu take. Na ce a raina bahagwai suna da yawa. Hannun ya kai ƙarshe, ya ɗauki ƙaramin baƙin dutse ya zura, ya ɗan tsaya. Ya ɗauki wani, ya tsaya. Tsayawar nan ta addu'a ce, na san tsawonta. Sannan ya ƙulle, ƙullin ya kwanta ta gefen can. Zaren ya yi sama ya fita daga hoton.

Ƙas.

Wallahi da zafin nan sai da na ji sanyi ya bi ta tafin ƙafata. Na waiga bayan ɗaki, don daga can na ji kamar ƙarar ta fito. Ba kowa, sai igiyar shanya.

"Sadiya! Zo ki maido min wanga."

Ta maido. Na ce ta sake. Sau bakwai ko takwas. Ta ce, "Inna, lafiya? Kin yi kamar kin ga fatalwa."

"Yaushe anka ɗauki hoton ga?"

"Jiya ta sa shi."

"To ƙirga min baƙaƙen."

Ta tsayar da shi, ta buɗa da yatsu biyu. Ta ce huɗu ne.

Ban fara jin murna ba, kada in yi muku ƙarya. Lissafi na fara. Baba, Sani, Iya. Uku. Luba ba za ta sa mijinta ba, ba za ta sa kanta ba. Mutum ɗaya ya rage daga ɗakinmu. Ina zaune da raina, gumi yana bin wuyana, ina kallon ƙanwata da na yi wa sadakar mutuwa tana zura ni a zare tana yi mini addu'ar matattu. Na taɓa fuskata. Na daɗe ina sauraron numfashina.

Sadiya ta kira matar. Zainabu sunanta, mai fara'a, gaisuwa kamar ba za ta ƙare ba. Ta ce eh, tsohuwar tana wani kango a bayan gari ita da ɗiyarta, ba ta da yawan magana, kuma ba ta yarda a ɗauki fuskarta ba. Luba ake ce mata. Na ce don Allah ta je ta ce mata yayarta Kulu ta Mafara tana raye, tana nemanta. Na tabbatar wa kaina labarin ƙarya ne ya kai mata, kamar yadda ya kawo mini. Washegari da la'asar Zainabu ta turo saƙon murya. Fara'ar nan duk ta tafi.

"Hajiya, na je. Na faɗa mata. Ban san yadda zan ce miki ba, gara ki ji da kanki."

Da farko ana jin kukan yaro daga nesa da ƙarar duwatsu a faifai. Sai muryar Luba, ta tsufa ta dushe, amma ita ce, ba fushi ba kuka, kamar mai ba da labarin farashin gero:

"Ina da yaya Kulu. Ta rasu shekarad da munka baro gida. Allah shi jiƙan ta."

Sadiya ta fashe da kuka. Ta ce gobe gobe mu kama hanya, Sakkwato ba nisa, mu yi sallar azahar a can. Bashir ya ce shi zai kai mu. Ga dama ta biyu Allah ya ajiye mini a gaba, kun gani da idonku, kuma kun ga abin da na yi da ita. Na ce ƙafata tana ciwo. Na ce hanya ba ta da kyau. Na ce azumi ya zo, a bari a yi salla. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ba tsoron hanya ba. Ina tsoron in tsaya a bakin kangon nan in yi sallama ta dube ni yadda ake duban bango. In na je, sai na faɗi abin da na yi a gabanku. Sai na nemi hanyar da na iya. Na zauna na yi abin wuya irin wanda Iya ta fara koya mana, fari da shuɗi, na sa baƙi uku kawai. Na ce Zainabu ta ba ta a hannu, kada ta ce komai. Luba za ta karanta.

Azumin nan ban san yadda ya wuce ba. Kullum in an yi azahar sai in karɓi wayar in buɗe shafin Zainabu. In ta sa sabon aikin Luba, sai in sa Sadiya ta buɗa bayan wuyan. Huɗu. Bayan kwana biyar wani ya fito. Huɗu. Na zama mai zuwa duba kabarinta a cikin waya. Har ya kai in na ɗauki nawa faifan, in na zo kan na uku sai hannuna ya miƙa da kansa neman na huɗu, in janye shi. Wata rana matar Bashir ta yi mini sallama sau uku a tsakar gida ban amsa ba, ta ce da ta dube ni sai ta ji gabanta ya faɗi, kamar ba kowa a cikin zanen. Zainabu ta ce ta ba ta, ta karɓa, ta juya shi ta duba baya, ta sa a ƙarƙashin tabarma.

Ana saura kwana uku salla, da hantsi, waya ta yi ƙara. Muryar budurwa ce, irin ta Luba tana yarinya, har sai da na miƙe tsaye.

"Inna Kulu? Rabi ta. Inna ta cika jiya da la'asar."

Ranar na shiga mota. Ƙafar ba ta yi ciwo ba, hanya ba ta hana ba. Kafin azahar muna can. Tun daga wannan rana nake auna gajartar hanyar nan.

Kangon ba ƙofa, buhu aka rataya. An riga an kai ta. Rabi ta zama mace, doguwa, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ba ta rungume ni ba. Da mata suka ragu na jawo ta gefe na tambaye ta wa ya kai musu labarin mutuwata.

"Ba wanda ya kai. Ta san kina nan. In ta ga direban Mafara takan tambayi unguwarku."

"To don mi?"

Ta dubi ƙasa. "Rad da ta kira ki, ta ji muryar Baba Malam. Ta ji ya ce mu taho gobe. Hannunki bai rufe wayar duka ba."

Sadiya tana tsaye a bayana. Ban waiga ba. Ita kaɗai ce a cikinku ta ji wannan, na roƙe ta ta bar ni in faɗa da bakina, ga shi sai yau.

Rabi ta ce ciwon ƙirji ne, ya daɗe. Ta fita ɗebo ruwa ta dawo ta same ta jingine da bango, faifai a cinya, kamar mai gyangyaɗi. Ta shiga ta ɗauko faifan yadda yake, ba wanda ya taɓa. Abin wuya ne fari da shuɗi, irin nawa sak, nawan yana gefe ta kwaikwaya. A ƙarshensa baƙi uku. Sannan Rabi ta kwance bakin zanenta ta ciro wani ƙaramin baƙin dutse.

"Wanga a hannunta na hagu munka same shi, ta damƙe. Da ƙyar masu wanka sunka buɗe. Ban sani ba, Inna, ko sa shi za ta yi rai ya hita, ko hidda shi ta yi."

Matan da ke wurin kowa ta faɗi nata. Na ɗauki abin wuyan na fita da shi rana, don idona. Na bi zaren da yatsa har bayan na ukun. Akwai ƙulli, ya kwanta ta gefen can. Bayan ƙullin zaren ya ƙare, bakinsa a tauna, ya ɗan baje, yadda haƙori yake barinsa.

Luba ba ta kai zare baki sai ta gama.

A nan na zauna a ƙasa, cikin rana, a ƙofar kangon mutane, na yi kukan da ban yi ba shekara shida. Ban ce ta yafe mini ba, wannan tsakaninta da Allah ne, ba ta faɗa da baki ba. Abin da na sani shi ne ta mayar da ni cikin masu rai kafin ta tafi, ni kuwa da nake da ƙafa da mota ban je na ce mata na gode ba.

Rabi ta biyo mu bayan kwana arba'in. Ɗakin da kuka sani nata, wanda Bashir ya bari da ya yi nasa gini, shi ne dai ɗakin. Aikinta yana shafinmu yanzu tare da nawa. Masu saye ba sa bambancewa, ni kuwa ko a duhu na san nata. Zainabu ta tambaya ko ta goge bidiyon nan, na ce ta bar shi. Ba na buɗe shi kullum. Amma wani lokaci in gida ya yi tsit bayan azahar, nakan ji ƙas daga bayan ɗaki, ba tare da na taɓa waya ba. Na daina waigawa. Nakan ce, sannu da aiki, Luba.

Na koma sa huɗu, wannan karon da gaskiya. Ku kuma ku gyara abin da kuke riƙe da shi game da babanku. Ya ce su taho gobe. Ni ce na ce a bari kaka.

Sadiya, ke ce kika ɗauki sana'ar, kin riga kin fara sa ɗaya na babanki. Dutsen da aka ciro daga hannun Luba yana cikin gwangwanin allurai, na naɗe shi a ƙyallen shuɗi. An riga an yi mini addu'a a kansa shekara shida, ya san sunana. In ranar ta zo kada ki sayo sabo. Shi za ki zura.